Saukar Ragwaye

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa 'ya ba ta bincikar ubanta, na ga saƙonku. Kowa ya fara ɗora kansa a kujera ta talatin da biyu, da jaririnsa a cinya, sannan ya karanta wannan.

*

Tun daga ƙofar falo Auta take jin gurnanin injin. Ta yi sallama sau biyu, babu wanda ya amsa. Takalmin Baba ne kaɗai a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kife. Ta gyara shi, ta wuce.

Falon yana nan yadda Mama ta bar shi shekara biyu da suka wuce. Kujeru shida, mai zama ɗaya. Kofi guda a kan teburi, ganyen shayi ya bushe a gindinsa.

Ɗakin ɗinkin Mama ne ya koma ɗakin jirgi. Auta da kanta ta haɗa shi bayan rasuwar, da ta ga duk ranar da Baba ba shi da tashi bango yake wuni yana kallo. Allo uku manya, sitiyarin jirgi, feda biyu a ƙasa, da kwamfutar da ta shafe mako biyu tana haɗawa. Baba, kyaftin guda da ya shekara ashirin da tara yana tuƙa jirgin fasinja na gaske, ranar dariya ya yi, ya ce an kawo wa tsoho abin wasa. Kafin wata ya zagayo, salla ce kawai ke fito da shi daga ɗakin.

Jiya ta zo sabunta masa manhaja, ta buɗe rajistar da kwamfutar ke ajiyewa. Abin da ta gani shi ya dawo da ita yau da safe ko karyawa ba ta yi ba.

Sauka ɗari da tamanin da shida cikin wata huɗu. Ko ɗaya bai yi da hannunsa ba.

Kuma jibi Litinin yana da tashi, da mutum ɗari da arba'in a bayansa.

"Baba, ina kwana."

"Injiniya." Bai juyo ba. "Zauna, saura mil shida."

Ta zauna a kan ƙaramar kujerar da Mama ke zama in za ta yi ɗinki. Allunan uku fari fat. Ya sa hazo har ƙarshen maleji, ko hancin jirgin ba a gani. Hannuwansa a naɗe a ƙirji, sitiyarin yana motsi shi kaɗai.

Ta san yadda abin yake, don shi ya koya mata. Filin jirgi yana harba igiyar rediyo biyu da ido ba ya gani. Ɗaya ta ce wa jirgi dama ko hagu, ɗaya ta ce masa sama ko ƙasa. In matuƙi ya sa mitar filin daidai, ya kunna na'urorin tuƙi guda biyu, jirgin zai kama igiyar ya bi ta har taya ta taɓa kwalta. Na'urorin nan biyu Baba tagwaye yake kiransu. Ita kuwa saukar, tun Auta tana firamare take jin sunan da ya raɗa mata: saukar ragwaye.

Muryar na'ura ta shiga ƙirga tsayi da Turanci. Ɗari biyar. Ɗari. Hamsin, talatin, goma. Taya ta yi ƙara kaɗan.

"Kin ji? Kamar an ajiye ƙwai a kan katifa."

"Na ji. Tagwaye sun iya aiki."

"Wa ya koya musu?"

"Ba kai ba dai, Baba. Kai da ka ce matuƙin da ya naɗe hannu na'ura ta sauke shi fasinja ne mai hula."

Ya yi dariya. "Da yarinta na faɗa."

"Bara ka faɗa. A gaban mijin Yaya Ƙarama, har ya ƙware da ruwa."

"To, bara ma ai yaro ne ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta danna maɓalli, hazon ya yaye. Rana ta fito a allon, ga titin jirgi baƙi wuluk da fararen layukansa.

"Ka saukar min da shi sau ɗaya da hannu. Na yi marmarin gani."

"Hunturu ya kusa. Saukar hazo nake bita."

"Sau ɗari da tamanin da shida?"

Sai yanzu ya juyo. Amma ba fuskarta ya kalla ba. Kafaɗarta ta dama ya kalla, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron rediyo mai shessheƙa.

"Ashe kwamfutar taki 'yar rahoto ce."

"Ba ta iya ƙarya ba ne kawai."

"Ni na iya kenan?"

Tunda take ba ta taɓa tsayawa a gaban Baba da irin wannan magana ba. Ta buɗe jaka ta zaro takarda ɗaya da ta bugo a ofis.

"Shi kenan, bar ta hannun. Mu yi ta ragwayen. Amma ba a filayen da ka saba ba. Ga wani can a wata ƙasa, ba ka taɓa zuwa ba. Ga taswirarsa, mitar tana sama daga dama."

"Jarrabawa za ki yi min a gidana?"

"Wasa ne, Baba. Kai ka ce abin wasa ne."

Ya gyara zama. Sannan ya miƙo hannu. "Kawo. Yau za ki san wa ya haife ki."

Ta ɗora jirgin mil goma sha biyar daga filin, ƙafa dubu uku a sama, ta mayar masa da hazonsa. Ya ɗaga takardar. Ya kawo ta kusa da hanci, ya matsar da ita gefe, ya kalle ta ta wutsiyar ido. Ya yi gyaran murya.

"Injinku na bugawa tawada ta ƙare masa."

"Wataƙila."

Mitar ɗari da tara da ɗigo uku ce. An rubuta ta da manyan baƙaƙe, mai tsaye a bakin ƙofa ma zai karanta.

Baba ya murɗa makunnin rediyon yana ƙirga ƙarar kowace murɗa da leɓensa. Ya tsaya a kan ɗari da tara da ɗigo tara.

Auta ta sake duba lambar da ya sa. Ta bar shi ya ci gaba.

Ya saukar da taya. Ya tashi tagwaye ɗaya bayan ɗaya, yatsansa na zuwa kan maɓallan ba tare da lalube ba, yadda mutum ke kai loma baki. Ya jingina, ya naɗe hannu.

"Sai ki sa ido ki sha kallo."

A tsakiyar allon gabansa wata alama ta fito, ja, girmanta ya kai babban yatsa. Cewa take babu igiya a wannan mitar. Tana nan daidai inda idonsa yake kallo.

Jirgin bai sunkuyar da kai ba. Ya ci gaba da tafiya a ƙafa dubu uku, cikin farin da ba shi da sama ba shi da ƙasa.

Minti ɗaya. Minti biyu.

"Yanzu zai kama," in ji Baba.

Minti uku. Injin yana gurnaninsa ɗaya, bai ragu ba. Muryar da ke ƙirga tsayi ba ta ce uffan ba. A ƙaramar taswirar gefe Auta tana kallon filin ya zo ƙarƙashinsu, ya wuce, ya koma baya.

Baba ya warware hannuwansa. Ya ɗora su a kan gwiwa. Ya karkata kunne wajen lasifika yana jiran a yi masa magana.

"Manhajar da kika sa jiya ce ta lalata shi."

"Baba, mene ne a tsakiyar allon?"

"Me kike nufi?"

"Akwai abu a tsakiyar allon. Wane launi ne?"

Ya daɗe yana kallo. Ya juya kai hagu, ya leƙo allon ta gefen ido. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka.

"Ja," ya ce a hankali.

"Minti huɗu tana nan."

Ya miƙa hannu ya rage ƙarar injin. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin famfon kicin yana ɗiga.

"Uku ce ko?" ya ce.

"Uku ce."

"Cikinta ya rufe min. Ta zama tara."

"Tun yaushe?"

"Na hagu, wata bakwai. Kamar wani ya dangwala yatsa a mai ya shafa min a tsakiyar tabarau. Gefe-gefe ina gani sarai. Abin da na kalla ne kawai ke ɓacewa." Ya shafa gemu. "Na dama ya fara wata biyu da suka wuce."

"Fuskata fa?"

"Ina ganin ɗankwalinki. Shuɗi ne. Ya yi miki kyau."

Ta danne bakinta da bayan hannu har abin ya wuce. Sannan ta ɗauko ɗaya takardar, wadda ta tarar jiya a ƙarƙashin sitiyari. Takardar shaidar lafiya, sabuwa dal, da hatimi da sa hannun Likita, abokin Baba tun suna makaranta.

"Nan an ce an gwada idonka ran Laraba ƙarfe sha ɗaya, an same shi lafiya lau."

"Haka aka rubuta."

"Ran Laraba daga tara da minti arba'in har ɗaya da kwata kana kan kujerar nan. Sauka biyar ka yi."

"Direbansa ne ya kawo min."

Haka muke. Takardar da aka ƙirƙira don ta tsare rayukan mutanen da ba su san juna ba, mun mayar da ita katin gaisuwa tsakanin abokai. Mai sa hannun yana ganin zumunci ya yi. Mai karɓa yana ganin an rufa masa asiri. Matar da ke kujera ta talatin da biyu babu wanda ya tambaye ta.

"Mataimakinka ya sani?"

"Kowane tashi da wanda ake haɗa ni. Ina ba su sauka, in ce ina so su ƙware. Har godiya suke min." Ya yi murmushin da bai kai ko'ina ba. "In hazo ne kuma, ga tagwaye. Filaye tara nake zuwa, Auta. Mitocinsu suna kaina kamar lambar gidan nan."

"Ranar da aka ce filin ya rufe, ku juya zuwa na goma fa?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ranar da mataimakin ya yanke jiki ya faɗi fa?"

"Shekara ashirin da tara ban taɓa ganin haka ba."

"Shekara ashirin da tara ba ka taɓa karanta uku tara ba."

Ya runtse ido. Ta ji zafin maganar a nata bakin, amma ba ta janye ta ba.

"Kin san me ke sama?" ya ce can. "Kowane minti biyu akwai mai kirana. Hasumiya ta kira ni, in amsa. Ma'aikaciya ta leƙo ta ce Kyaftin, shayi ko ruwa. Mataimaki ya karanto, in ce na ji. A gidan nan, daga Talata zuwa Juma'a, in ba na'urar can ta ƙirga min tsayi ba, ba na jin muryar kowa. Wani lokaci ina saukar ne don kawai ta yi magana."

"Ina zuwa duk Asabar."

"Kina zuwa. Ki duba waya, ki duba kwamfuta, ki ce Baba akwai abin da kake so, in ce babu, ki tafi."

Wannan ta same ta, don gaskiya ce. Ta sunkuyar da kai tana kallon tabon man keken ɗinki da har yau bai fita daga kafet ba.

"Zan kira Yaya Babba. Dole ya sani."

"Shi ya kai ni asibitin ido."

Ta ɗago.

"Gwaggonku ta sani. Yaya Ƙarama ta sani, mijinta ma."

"Sai ni."

"Sai ke."

"Saboda me?"

"Saboda ke ba ki iya shiru ba. Uwarki ce sak."

Wata bakwai. Ta tuna duk zaman da aka yi a falon can, ana hira ana dariya, ana miƙa wa Baba kofi har cikin tafin hannunsa, ita tana cewa a ranta kai, gidanmu akwai ladabi. Ashe kowa da rabonsa a wasan, ita kaɗai ce 'yar kallo.

Ta danna lambar Yaya, ta sa a lasifika, ta ajiye wayar a kan teburi. Ya ɗauka yana tauna wani abu.

"Autar Mama, yaya aka yi?"

"Ina gidan Baba. Na san maganar idonsa."

Taunar ta tsaya.

"To. Ki kwantar da hankalinki, kar ki mayar mana da abin taron ƙara wa juna sani. Saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya da mutuncinsa. Mun zauna mun duba."

"Ku wa?"

"Manya."

"Cikin manyan akwai wanda zai hau jirgin jibi?"

"Ke matsalarki kenan, komai sai kin kai shi ƙarshen duniya. Ba shi kaɗai ba ne a gaban jirgin. Akwai mataimaki, akwai na'ura, sama da duka akwai Allah. Kin fi Likita sani ne? Ko digirin kwamfutar har da ido aka haɗa miki?"

"Yaya, watan jiya Anti matarka da yara sun yi tafiya."

"Sai aka yi yaya?"

"Baba ya yi ta murna jikokinsa za su hau jirginsa karon farko. Har ya nemi izini su leƙa wajen tuƙi in an sauka. Ana gobe tafiya ka ce jirgin ya cika, ka mayar da su na yamma."

Auta ta sunkuya kan wayar.

"Ni na buga muku tikitin farko a ofis, Yaya. Da lambar kujerunsu. Ban gane ba sai yanzu."

"Auta, wannan maganar ba ta waya ba ce. Baba yana kusa?"

Baba ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ashe ba cika ya yi ba."

"Baba... wallahi ba haka... uwarsu ce ta..."

"Na saya musu 'yan huluna irin tawa. Suna cikin durowa."

Auta ta kashe wayar.

A allon jirgin yana ta tafiya cikin farinsa, mil arba'in bayan filin, tagwaye na riƙe da shi a miƙe. Baba ya zauna da hannu a gwiwa, ya zama ƙarami a cikin kujerar. Ta so ta tashi ta dafa shi. Ba ta tashi ba.

"Baba, ka kira shugaban matuƙa da kanka. Ka ce ka lura da wani abu a idonka, kana so a sake dubawa. In daga bakinka ta fito, mutumin da ya tsayar da kansa za a ce. Zan raka ka. Zan dawo gidan nan da zama in kana so."

"Likita fa? Lasisinsa za su karɓe."

"Shi ya sa hannu."

"Ni na roƙe shi."

"Sai ya ce a'a. Abin da aka ba shi hatimin ya yi kenan."

"Ba ni zuwa Litinin. In yi wannan ɗaya, in yi sallama da shi a raina, ran Talata in kira."

"A'a, Baba."

"Ɗaya tak."

"A'a."

Wayarsa ta hau ruri a gefen sitiyari. Ya ɗauka ya kawo ta kusa da fuska, ya karkata ta, ya sake karkatawa. Sannan ya miƙa mata.

"Waye?"

Ta duba. "Ofishin tsara tashi."

"Ɗauka ki ba ni."

Ta ɗauka. Amma ta danna lasifika, ta riƙe wayar a hannunta.

Muryar mace ce, mai fara'a, da alama tana sauri. "Kyaftin, barka da hutawa, a yi haƙuri mun katse maka Asabar. Kyaftin ɗin jirgin ƙarfe huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi. Kuma filin da za a je ana gyaran titi, an mayar da mu wanda ke kusa da shi, na san ba hanyarka ba ce, amma an ce in akwai wanda zai iya kai ne. Kana lafiya ka tashi yau?"

Baba ya miƙo hannu. Ya wuce wayar da kusan taƙi guda, ya damƙi iska.

Auta ta ja da baya taku ɗaya.

"Ba Kyaftin ba ne, 'yarsa ce. Don Allah haɗa ni da shugaban matuƙa."

"Lafiya dai?"

"Ki haɗa ni da shi."

"To, riƙe layin."

Wani ɗan kiɗa ya fara fita daga wayar. Baba bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Hannun nasa yana nan a miƙe inda ya tsaya.

"Auta," ya ce. "In kika faɗa, ran Litinin in na yi wanka na sa kaya, ina zan je?"

Kiɗan ya yanke.

"Shugaban matuƙa ne. An ce 'yar Kyaftin ce. Ina jin ki."